GARKUWAR DA TA JUYA BAYA

Shafi na 19

Sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har na masu zagin Apondi. Ni dai ba zan kare ta ba, ku karanta ku yanke da kanku.

*

Kwana shida ke nan da yaƙin, kwana shida kuma Apondi ba ta rubuta ko kalma ɗaya a zauren hirar rundunarsu ba. Karantawa take yi, ta kashe waya, ta koma gaban kaskon suya.

Tana cikin juya karfasa a mai, da hantsin Asabar, ta ji muryar da take gudu tun Lahadi.

"Nyar Seme, ba ni guda ɗaya. Mai ƙaton kai."

Mwalimu Wekesa ne tsaye a ƙofar rumfa, da farin alli a hannun rigarsa. Nyar Seme yake ce mata, wato 'yar garin Seme. Malamin lissafi ne a firamare, a wasan waya na jiragen sama jannati kuma shi ne mai ƙidaya na rundunar Mikiyoyin Tafki. Duk ranar da za su kai hari, shi ke gaya wa kowa lokacin da zai tayar da jiragensa daga duniyarsa, don na nesa da na kusa su faɗa wa abokan gaba a sakan guda. Shekara huɗu bai taɓa kuskure ba.

"Sannu, Mwalimu."

"Sannu ba ta cika ciki. Sa min ugali."

Ta zuba masa tuwon masarar da miya a faranti. Ya wanke hannu ya zauna kan benci, amma bai taɓa abincin ba. Wata takarda ya zaro daga aljihu, ta sha ninki har ta fara yagewa.

"Zo ki duba min wani abu. Idona ya fara tsufa."

"Mwalimu, ni a aji biyar na tsaya."

"Aji uku ma ya isa wannan. Daga duniyarki zuwa tashar 'yan Zanzaro tafiyar minti nawa ce?"

"Arba'in da biyu."

"Ƙarfe nawa na ce ki tashi?"

"Uku da sha takwas."

"Haɗa min."

Ta kalli kasko.

"Ƙarfe huɗu."

"Huɗu daidai. Sau talatin na haɗa shi a satin nan. Har 'yan ajina na ba wa, na ce musu motar haya ce, matatu, ta taso daga Kakamega. Duk huɗu suka samu, har yaron da bai taɓa samun komai ba."

Ya yi dariya shi kaɗai. Ita kuwa ji ta yi kamar a fuskarta man ke tafasa.

Ita ce garkuwar runduna. Jiragenta ɗari uku ne, masu kaurin jiki, ba sa wani harbi, aikinsu su shiga gaba su sha wutar farko, na baya su samu damar harbawa. Kowa ya san garkuwa ba ta dawowa gida cikakkiya, shi ya sa bayan kowane yaƙi ake taruwa a sake gina mata. Kuma doka ta farko da Mzee Obura, jagoransu, yake karanta wa duk sabon shiga ita ce, ayari idan ya tashi, babu mai danna maɓallin juyawa sai da bakin jagora.

Ranar Lahadi da ƙarfe huɗu mutum takwas suka isa tashar Zanzaro, rundunar abokan gabarsu, suka tarar ana jiransu. Jirage ninkin nasu uku a laɓe bayan wata. Suka duba gaba, babu garkuwa. Cikin minti biyu aikin shekaru ya zama toka, har da ayarin Mzee da ya shekara biyar yana haɗawa.

Da aka tambaye ta, kalma uku ta rubuta.

Ban isa ba.

Sauran mutane ne suka ƙarasa mata. Tunda garkuwa ba ta isa ba, mai ƙidaya ne ya makarar da ita. Tunda abokan gaba sun san lokaci, mai ƙidaya ne ya sayar. Ta ga suna rubutawa layi bayan layi, ba ta gyara musu ba.

"Ba rigima na zo ba," in ji Wekesa. "Ki ce min waya ce ta mutu. Ki ce innarki ce ta aike ki, kika makara da tashi. Yana faruwa. Mzee zai yi faɗa, Kwamboka ta yi ihu, a sha shayi a watse."

Ta juya kifin a kasko.

"Apondi."

"Na'am."

"Kin tashi uku da sha takwas?"

"Na tashi."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ninke takardar a hankali ya mayar aljihu.

"To. Idan kin tashi a kan lokaci, kuma ba ki isa ba, lissafi ya ƙare. Abin da ya rage ba aikin malamin lissafi ba ne."

Ya miƙe.

"Ƙulle min kifin a takarda, matata za ta ci. Ƙarfe uku za a zauna hukunci, a kifa waya a kaina. Ki zo da wuri, kin san Mzee ba ya son a shigo yana magana."

*

Sai da ya ɓace cikin masu babur ta ce wa innarta za ta zagaya. Bayan rumfa ta tsuguna, kusa da inda masunta ke shanya raga, ta kira yayanta Owiti, wanda take ce wa Omera.

Owiti ne ya koya mata wasan tun kafin ya tafi Nairobi aikin gadi. Babu wanda ya sani a Kisumu cewa shi ne Gatari, ɗaya daga manyan Zanzaro. Ana gobe yaƙin ya ce zai kira ta su yi maganar maganin Mama, ita kuma ta ce, "Kada ka kira da huɗu, ina da aiki." Shi ke nan abin da ta faɗa. Mzee ya sha gaya musu, ba a gaya wa kowa lokacin da za ka shagala, ba a gaya wa kowa lokacin da kake barci. Ita a ganinta wanda kuka sha nono ɗaya ba ya cikin kowa.

"Apo! Kin huce ke nan?"

"Omera, yau za su kori Mwalimu."

"To Allah ya raka taki gona."

"Bai yi komai ba."

"Ke ma ba ki yi komai ba. Ni na yi, kuma yaƙi ne. Wasa ne fa, Apo, kike kuka kamar an mutu."

"Da maganata ka yi amfani."

"Na kuma cece ki ko ban cece ki ba? Saura minti uku na rubuta miki ki juya, tarko ne. Da mutanena sun san na yi haka, da tuni sun cinye ni ɗanye. Jiragenki ɗari uku suna nan lafiya, ko ƙwarzane babu. Godiya ma ba ki yi ba."

Ta rufe ido. Minti ukun nan su ne ke hana ta sakat. Da ta rubuta kalma ɗaya a zaure, tarko, da Mzee ya ba da baki kowa ya juya. Ta rubuta ma, ta goge. Don da ta tura za a ce wa ya gaya miki. Sai ta danna nata maɓallin ita kaɗai, ta zauna tana kallon fitilun 'yan uwanta suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Ki yi shiru kawai," in ji Owiti. "Malamin nan zai samu wata runduna. Idan kuma ke suka kora, ki zo wajenmu, muna neman garkuwa."

"Ba ka san su ba."

"Tsoho ɗaya da mai kitso da 'yan kifi. Me zan sani?"

"Idan na fara magana, jira suke in gama."

Ya san ko a gidansu ba a jira ta gama. Sannan ya sauya murya.

"Ƙarfe nawa ne zaman naku?"

Har ta buɗe baki.

"Omera. Lokaci ka sake tambayata?"

Ya kwashe da dariya. "Kin fara wayo, ƙanwata."

Ta kashe.

*

A barandar Mzee Obura ake zama, gindin mangwaro. Tsohon matuƙin jirgin ruwa ne a tafki, har yanzu da hular aikinsa yake zama. Mutum tara suka kewaye tebur, ga shayi a buta, ga mandazi, fanken garin, a kwano babu mai taɓawa. Wekesa na can ƙarshen benci shi kaɗai, an bar gurbin mutum biyu tsakaninsa da na kusa.

Apondi ta zauna wajen tukunyar fure, inda ta saba.

"Ga marainiyarmu," in ji Kwamboka, mai shagon kitso, wadda muryarta ke riga ta isa ko'ina. "Zo nan kusa da ni, ƙanwata. Dubi yadda ta rame. An hana ta shiga yaƙi, tana ta cin rai."

Ta jawo ta ta rungume. Apondi ta so ƙasa ta tsage.

Mzee ya buga cokali a kofi.

"Ba zan yi dogon bayani ba. Na rasa jirage dubu da ɗari biyu. Ban yi kuka ba, matata shaida ce."

"Ka yi," in ji matar daga cikin ɗaki.

Wasu suka yi dariya, suka haɗiye da wuri.

"Jirgi ana sake ginawa. Abin da ba a ginawa shi ne in juya baya ban san wa ke tsaye a wurin ba. Wekesa, lokaci a hannunka yake. Ni da kai kaɗai muka san shi kafin Asabar. Me za ka ce?"

Wekesa ya miƙe kamar a gaban aji.

"Lissafina daidai ne, Mzee. Ban gaya wa kowa ba sai waɗanda za su tashi."

"Daidai!" Kwamboka ta tafa hannu. "Daidai ne ya bar mu tsirara a gaban Zanzaro? Mwalimu, ko ni da ke ƙirga kitso da yatsa na san garkuwa gaba take shiga. Me suka yi maka alkawari? Kujera?"

"Kwamboka, na koyar da ɗanki shekara biyu."

"Shi ya sa har yau bai iya raba goma gida biyu ba!"

"Ya isa," in ji Mzee. "Wekesa, idan lissafinka daidai ne, garkuwa ina ta tsaya?"

Wekesa bai kalli Apondi ba. Da ya kalle ta ma da ya fi mata sauƙi.

"Wannan ba ni zan amsa ba."

"Kun ji ko? Yanzu kan yarinya zai ɗora!" in ji Kwamboka. "Yarinyar da ko ƙuda ba ta iya kora daga shayinta. Ka ji kunya, Mwalimu."

Mzee ya sauke numfashi.

"A fito da waya."

Haka al'adarsu take tun kafa runduna. Ba a ɗaga hannu, ba a rubuta suna. Kowa ya ɗora wayarsa a tebur. Wanda ya bar fuskarta sama, ya ce mutum ya zauna. Wanda ya kifa ta, ya ce ya tafi. Ba a korar mutum sai duka sun kifa. Jagora ba ya sa tasa, kuma wanda ya fi kowa sabunta shi ne na ƙarshe.

Kwamboka ta kifa tata da ƙarfi har kofuna suka motsa.

Na biyu ya kifa. Na uku ya juya tasa a hannu sau biyu, ya ce, "Ka yafe ni, Mwalimu," ya kifa.

Huɗu. Biyar. Shida.

Ido ya dawo kan Apondi.

Wayar na hannunta. Idan ta kifa, ta zauna a wurinta har abada, Kwamboka ta ci gaba da kiranta ƙanwata. Idan ta bar ta a sama, za a ce don me, kuma jira za su yi ta gama.

"Kada ki ji tsoronsa," in ji Kwamboka. "Muna nan."

"Ni…"

Ta sake gwadawa.

"Ni dai…"

Ta ga hannunta na saukowa, ta ga fuskar wayar na karkata ƙasa, kamar hannun wata ne.

"Ku daina wahalar da ita."

Wekesa ne. Ya riga ya ciro tasa wayar.

"Shekara huɗu ban sa kowa ya makara ba, ba zan fara yau ba. Ku sha shayinku kafin ya huce."

Ya danna. Wayoyin da ke kife suka yi ƙara tare, ƙarar da ake ji idan mutum ya fita daga runduna. Tambarin mikiya ya ɓace daga gefen sunansa.

Ya sa waya a aljihu, ya ɗan rusuna wa Mzee, ya nufi ƙofa.

"Ni ce."

Babu wanda ya ji sai matar Mzee da ta leƙo ta taga.

"Ni ce!"

Wekesa ya tsaya, hannunsa a kan ƙyaure.

Apondi ta miƙe. Ta dafa tebur.

"Na tashi uku da sha takwas. Lissafinsa daidai ne. Saura minti uku in isa na juya."

"Kika me?" in ji Kwamboka.

"Na danna juyawa."

"Da bakin wa?" Mzee ya tambaya. Bai ɗaga murya ba.

"Ba da bakin kowa ba."

"Tsoro kika ji?"

Ga wata ƙofar an sake buɗe mata. Tsoro ba laifin kora ba ne, kowa ya taɓa ji. Ta kalli bayan Wekesa, da allin da ke hannun rigarsa.

"A'a, Mzee. Gaya min aka yi tarko ne."

Ta ci gaba kafin wani ya tambaya.

"Gatari na Zanzaro yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Owiti sunansa. Ranar Asabar na ce masa kada ya kira ni da huɗu ina da aiki. Daga nan ya gane. Da muka kusa isa ya rubuto min in juya."

"Saura minti uku," in ji Mzee.

"E."

"Minti uku. A minti uku na taɓa juya jirgi mai ɗauke da shanu arba'in a tsakiyar tafki. Kina da minti uku, kina da bakina a zaure, ba ki ce min komai ba?"

"Na rubuta. Na goge."

Kwamboka ta janye daga kusa da ita kamar ta taɓa wuta.

"Ni na rungume ki yanzun nan. Ni na zagi uban 'ya'ya a gaban mutane saboda ke. Na ce bai iya koyarwa ba!" Ta juya wajen ƙofa. "Mwalimu, ɗana ne daƙiƙi, ba kai ba, kowa ya sani!"

Ta fizgi wayarta ta mayar da fuskarta sama. Sauran ma suka hau juya nasu da sauri, kamar hakan zai dawo da wani abu.

"Ku bar su," in ji Wekesa. Ya juyo, idonsa a kan Apondi. "Wanda ya fita ba ya komawa sai bayan kwana uku. Ba dokar Mzee ba ce, ta wasan ce."

"Mwalimu, ka yafe…"

"Na zo har rumfarki da safe. Na buɗe miki ƙofa, na riƙe miki ita. Minti ɗaya, Apondi. Da kin faɗa minti ɗaya da ya wuce."

Ta sunkuyar da kai. Hawaye kawai ke sauka kan tebur.

Sai aljihunsa ya fara kuka.

Kowa a wurin ya san wannan ƙarar. Ba ta saƙo ba ce, ƙararrawar hari ce.

Wekesa ya ciro wayar ya duba, ya yi wani murmushi marar daɗi.

"Ba su ɓata lokaci ba. Tun Lahadi suke zagaye da mu kamar ungulu, suna jiran wanda zai fita daga katanga."

Duk ɗan runduna katangar runduna na kare duniyarsa. Wanda ya fita, a fili yake kwana.

"Nawa ne?" in ji Mzee.

"Ɗari tara."

"Minti nawa?"

"Sha huɗu."

"Me kake da shi a gida?"

"Masana'antu da ma'adinai. Jirage kuwa kun ga inda na baro su."

Idan suka sauka, komai za su kwashe su ƙone sauran. Shekara huɗu na hutun tara da hutun ƙarshen zango. Aka kalli juna. Babu mai jirgi ko goma a cikinsu, duk sun ƙone ranar Lahadi.

Sai mutum ɗaya.

Apondi ta share fuska da bakin zane.

"Mzee, ka ba ni baki in tashi."

"Yau kuma kike neman bakina?"

"Don Allah."

"Ba ɗan runduna ba ne yanzu. Ke kuma ban san ko ke 'yar wace runduna ba ce. Tun Lahadi kika cire jiragenki daga bakina. Yi abin da kika ga dama da su, hukuncinki yana nan yana jira."

Ta juya wajen Wekesa.

"Mwalimu, daga ni zuwa kai minti nawa ne?"

"Ba na so."

"Minti nawa ne?"

"Na ce ba na so! Ba da jirage ake wanke irin wannan ba."

"Na sani. Ba wanki nake ba. Aikina ne da ban yi ba."

Ya kau da kai. Amma ta ga leɓensa na motsi, yatsunsa na taɓa juna. Mutumin ba ya iya jin tambayar lissafi ya ƙyale ta.

"Sha biyu da rabi," ya ce a ƙarshe, kamar an fizge daga bakinsa. "Idan kika tashi kafin minti ɗaya, za ki riga su da sakan tara. Ki jera su layi uku a ƙofar duniya, kada ki tara su wuri ɗaya. Bindigogina na ƙasa za su samu lokacin harbi. Wataƙila su ja da baya, wataƙila ba za su ja ba."

"To."

"Ko sun ja, ke ba abin da zai dawo miki. Kuma babu mai jirgi ko ƙarfen da zai sake gina miki."

"Na sani."

Ta jera su layi uku. Ta danna tashi. Fitilu ɗari uku suka fita daga duniyarta a jere, a ƙasan allon kuma jan maɓallin nan ya bayyana, yana ƙiftawa.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta san hannunta, ta ga abin da ya yi sau biyu. Sai ta miƙa wayar.

"Kwamboka, riƙe min."

"Ni? Kada ki taɓa ni."

"Mwalimu zai tausaya min ya danna. Ke ce na san ba za ki tausaya ba. Ko na yi kuka kada ki ba ni."

Kwamboka ta harare ta sama da ƙasa, ta fizgi wayar.

"Ko kin suma."

Aka zauna. Babu mai magana sai Wekesa, da ke faɗin lokaci duk bayan minti biyu, idonsa a kan agogo. Shayi ya yi fata a kofuna. Mzee ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Saura minti biyu wayar ta fara ruri a hannun Kwamboka.

"An rubuta Omera," ta ce. "Gatarin ne?"

"Shi ne."

"Bari mu ji muryar angon." Ta ɗauka, ta buɗe yadda kowa zai ji.

"Apo! Kin haukace? Jiragenki nake gani a gabana! Juya!"

Apondi ta matse hannuwa tsakanin gwiwoyi.

"Apo, kina jina? Ni ne a sahun gaba. Mutanena na kallo, wannan karon ba zan iya kauce miki ba. Shekara biyu kika yi kina gina su, ni na koya miki na farko! Danna kawai, ba wanda zai ce komai!"

"Mu tara ne nan za mu ce," in ji Kwamboka.

"Wace ce wannan? Ba wa ƙanwata wayarta!"

"Mai kitso ce. Yau za ka san ni."

"Saura sakan arba'in," in ji Wekesa.

Jan maɓallin na ƙiftawa a ƙarƙashin babban yatsan Kwamboka. Ta kalli Apondi, a karon farko babu harara a idonta.

"Ƙanw…" Ta haɗiye sauran. "Ke. Har yanzu akwai lokaci."

Apondi ta girgiza kai. Ta matso da bakinta kusa da wayar, ba ta taɓa ta ba.

"Omera."

"Na'am, Apo, yawwa, danna!"

"Ka ce wasa ne."

"Wasa ne mana!"

"To harba."

"Apo!"

"Goma," in ji Wekesa. "Tara. Garkuwa ta isa."

Mzee ya mayar da hularsa, ya jawo kujera kusa da allon.

"Uku. Biyu."

Wekesa ya ɗago kai daga agogo.

"Sun shigo."